Zaluncin Mutanen Kirki

Shin mutumin kirki yana iya zama azzalumi, alhali kuwa bai san yana zalunci ba? Galibin mutane in an yi musu wannan tambaya sai su ce a'a. A ganinsu azzalumi yana da kamanni sanannu: mai jajayen idanu ne, mai bulala a hannu, wanda yara ke watsewa in sun hango shi. To, da haka al'amarin yake, da zalunci bai yi tsawon rai a duniya ba, domin irin waɗannan mutane ba su da yawa a kowane gari, kowa kuwa ya san su.

Marubutan Amurka sun sha fama da wannan tambaya, don ƙasarsu ta ba su dalili. Da aka ƙidaya mutanen Amurka a 1860, an sami bayi kusan miliyan 4, zuriyar mutanen da aka kwaso daga Afirka. Aka gwabza yaƙin basasa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu daga 1861 zuwa 1865, aka hana bauta. Amma ba a jima ba jihohin Kudu suka kafa dokokin wariya: makaranta dabam, taragon jirgin ƙasa dabam, har wurin shan ruwa dabam. Kotun ƙoli ta ƙasar ta amince da haka a 1896. Sai a 1954 ta soke wariya a makarantu, sai kuma a 1964 aka yi dokar da ta hana ta a wuraren taruwar jama'a. Abin da ya daɗe haka, ba 'yan tsirarun mugaye ne suka tallafe shi ba. Akwai littattafai huɗu na ƙagaggen labari da suka nuna ko su wane ne suka tallafe shi.

Na farko shi ne Uncle Tom's Cabin, watau Ɗakin Kawu Tom, wanda wata mata mai suna Harriet Beecher Stowe ta wallafa a 1852. Abin da ya tunzura ta kuwa wata doka ce ta 1850 a kan bayin da suka gudu. Dokar ta ce ko bawa ya kai jihar da ba a bauta, tilas ne a kamo shi a mayar. Wanda ya ɓoye shi ko ya taimake shi, ana iya cinsa tarar dala 1,000, a kuma ɗaure shi wata 6. Mutumin da aka kama ba shi da ikon ba da shaida a kan maganar kansa. Jami'in da zai duba maganar kuma ana biyansa dala 10 in ya miƙa mutumin ga mai nemansa, dala 5 in ya sake shi. Aka ce wai bambancin don aikin takardun miƙawa ya fi yawa ne. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗakin shari'a ya san inda hukunci zai karkata in aka ɗaura ladan alƙali a wutsiyarsa.

A cikin labarin, Tom bawa ne dattijo, mai amana, mai tsoron Allah. Mutane sun fi tunawa da Legiri, mugun manomin auduga wanda ya sa aka yi ta dukan Tom har ya mutu, don ya ƙi faɗin inda wasu bayi mata biyu suka ɓuya. Amma Legiri sai can wajen ƙarshen littafi ya bayyana. Wa ya kai Tom hannunsa? Ubangijinsa na farko, Shelbi, mutumin jihar Kentaki, mai sauƙin hali ne, ya yarda da Tom har yakan aike shi da kuɗi gari mai nisa. Bashi ya kama shi, sai ya sayar da Tom, ya haɗa da wani ƙaramin yaro ɗan baiwar matarsa. Bai daki kowa ba, alƙalami kawai ya ɗauka, ransa kuwa a ɓace. Ubangijinsa na biyu, wani attajiri a birnin Niyu Oliyans, ya fi na farko kirki. Yana ƙin bauta a zuci, yana sukarta a baki, ya kuma yi wa Tom alkawarin 'yanci. Ya yi ta jinkiri, yau gobe, har aka soke shi da wuƙa wajen rabon faɗa, ya mutu ba a gama takarda ba, matarsa ta kai bayin kasuwa. Ashe mutanen kirki biyu ne suka yi ta miƙa Tom hannu da hannu har ya isa wurin mugu guda.

Akwai kuma wata mata cikin labarin, Ofiliya, mutuniyar Arewa, wadda ke ganin bauta babban zunubi ne. Aka ba ta wata yarinya baiwa ta yi mata tarbiyya. Ta wanke ta, ta tufatar da ita, ta koya mata karatu, amma ba ta iya jure yarinyar ta taɓa jikinta, yarinyar kuwa ta sani. Marubuciyar ta gane abin da mutanen Arewa da yawa ba su so a faɗa musu ba, watau ƙin bauta dabam, ƙyamar baƙar fata dabam, kuma mutum yana iya rabuwa da ta farko ya riƙe ta biyu. An sayar da littafin nan har 300,000 a Amurka cikin shekararsa ta fari.

Littafi na biyu ya fi shiga zurfin tambayar. Sunansa Adventures of Huckleberry Finn, na Mark Twain, ya fito a Ingila a 1884, a Amurka a 1885. Marubucin ya tashi ne a wani gari na bakin kogin Misisifi, cikin jihar Mizuri inda ake bauta, don haka ya san abin da yake faɗi. Hak yaro ne ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, farar fata, ɗan wani mashayi. Ya gudu daga ubansa, ya gamu da Jim, bawan wata tsohuwa, wanda shi ma ya gudu don ya ji ana shirin sayar da shi dala 800 a kai shi can Kudu. Suka hau gumagumai da aka ɗaure wuri guda, suka bi kogi, da nufin su kai mahaɗar da za ta fitar da Jim zuwa jihohin 'yanci. Hazo ya rufe, suka wuce wurin ba su sani ba, ruwa ya yi ta jansu cikin tsakiyar ƙasar bauta.

Abin lura a nan shi ne halin da zuciyar yaron take ciki. Duk tsawon tafiyar tana zarginsa, amma fa a juye. Abin da take ce masa shi ne ya ci amanar tsohuwar da ta koya masa karatu, ya taimaka an sace dukiyarta. Da Jim ya ce in ya sami 'yanci zai yi aiki ya fanshi matarsa da 'ya'yansa biyu, in an ƙi sayar masa kuwa ya sa a sato su, sai hankalin Hak ya tashi. Wai mutum zai sato 'ya'yan cikinsa, alhali suna da mai su, wanda bai taɓa yi wa Hak laifin komai ba! Mai karatu zai yi dariya, sa'an nan dariyar ta tsaya masa a wuya. Yaron ba mugu ba ne. Abin da aka koya masa a gida da makaranta da majami'a shi yake maimaitawa, yana kuwa tsammani muryar gaskiya ce.

Sai dai yaron yana da ido, kuma a kan gumaguman nan babu wurin kau da kai. Ya ga Jim yakan ƙyale shi ya yi barci, ya ɗauke masa gadin dare. Ya farka da asuba ya same shi ya haɗa kai da gwiwa yana kukan iyalinsa, har yaron ya yi mamaki, wai ashe baƙar fata ma yana son 'ya'yansa kamar yadda farar fata ke son nasa. Ya ji Jim yana ba da labarin ranar da ya mari 'yarsa ƙarama don ta ƙi rufe ƙofa, daga baya ya gane ciwo ne ya kurumtar da ita, ba ta ji shi ba ne, abin kuwa bai daina cin ransa ba. Wata rana Hak ya yi masa wasan rainin hankali, Jim ya nuna masa ɓacin ransa a fili, yaron ya daɗe yana kokawa da kansa kafin ya iya zuwa ya ba baƙar fata haƙuri. Amma ya je.

Da aka kama Jim aka tsare, Hak ya zauna ya rubuta wa tsohuwar takarda yana faɗa mata inda bawanta yake. Ya ji sanyi a ransa, kamar an wanke shi daga zunubi. Sa'an nan ya tuna zaman kogi, ya riƙe takardar yana rawar jiki, ya yage ta, yana mai sakankancewa wannan aiki wuta zai kai shi, ya kuwa yarda ya tafi. Ya kamata a lura da kyau, yaron bai ce bauta ba ta da kyau ba. Wannan tunani bai taɓa zo masa ba. Abin da ya yanke shi ne shi kansa lalatacce ne, tun da ya kasa yin abin da mutanen kirki ke yi. Ya aikata daidai yana kiransa laifi, su kuwa manyansa suna aikata laifi suna kiransa daidai. Wata uwar gida mai karimci a cikin littafin, da aka gaya mata tukunyar jirgin ruwa ta fashe, ta tambaya ko wani ya ji ciwo. Hak ya ce babu, baƙar fata ɗaya ne dai ya mutu. Ta ce an yi sa'a. Matar nan ita ce kuma ta rungume yaron ta cika shi da abinci.

A nan mai hankali zai kawo suka. Zai ce in dai zuciya ma horar da ita ake yi, kamar icce tun yana ɗanye, ina laifin wanda ya bi abin da ya tashi ya tarar? Ai ba a tuhumar makaho don bai ga rami ba. Sukan nan tana da ƙarfi, bai kuwa kamata a yi saurin ture ta ba, balle ga mutumin ƙasar Hausa. Laifi tudu ne. An yi bauta a nan ma, malamai da attajirai masu mutunci sun mallaki bayi suna barci lafiya, sai a 1936 doka ta kashe ta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Har yau akwai gidajen da in aka zo neman aure ake fara tonon asali kafin a tambayi hali. Bambancin dai, a Amurka an ɗaura bauta a kan launin jiki, shi kuwa launi ba ya ɓoyuwa, ba ya gushewa da fansa, jika da tattaɓa kunne duk suna ɗauke da shi.

Amsar sukan tana cikin littafi na uku, To Kill a Mockingbird, na wata mata mutuniyar Alabama mai suna Harper Lee, wanda ya fito a 1960. Labarin ya faru ne a wani ƙaramin gari na Alabama wajen 1935. Wata budurwa farar fata, Mayela, 'yar wani matalaucin mashayi, ta yi ƙarar wani magidanci baƙar fata, Tom Robinsan, wai ya yi mata fyaɗe, laifin da hukuncinsa kisa ne. Alƙali ya naɗa wani lauya farar fata, Atikus, ya tsaya masa. A tsarin shari'ar ƙasar, akan zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu, su ne za su ce an yi laifi ko ba a yi ba. A wannan shari'a dukansu maza ne farar fata, manoma.

Ga abin da aka shimfiɗa a gabansu. Ba a kira likita ya duba yarinyar ba. Raunukan fuskarta a gefen dama suke, alamar bahago ne ya dake ta. Ubanta ya rubuta sunansa a gaban kotu da hannun hagu. Tom kuwa da ya miƙe tsaye kowa ya ga hannunsa na hagu a shanye, injin gurzar auduga ya lalata shi tun yana yaro. Me ya rage? Amma da lauyan gwamnati ya tambaye shi dalilin da ya sa yakan taya yarinyar aikin gida kyauta, sai Tom ya ce tausayinta yake ji. Nan take ɗakin ya yamutse a zuci. Baƙar fata ya ji tausayin farar fata, ya ɗora kansa ke nan a samanta. Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ta huda na Tom. Suka ce ya yi laifi. Daga baya ya fid da rai da ɗaukaka ƙara, ya yi ƙoƙarin tsallake shingen kurkuku, masu gadi suka harbe shi harsashi 17.

Mutanen nan 12 ba makafi ba ne. Sun ga hannun. Sun yi sa'o'i a ɗaki suna gardama, ɗayansu ma ya daɗe yana turjewa kafin ya bi sauran, wannan kuwa ya nuna sun san abin da suka gani. Kau da kai suka yi, don in suka gaskata baƙar fata suka ƙaryata farar fata, ba su san yadda za su shiga kasuwa gobe ba. Uzurin al'ada yana ƙarewa daga lokacin da hujja ta tsaya a gaban mutum. Hak yaro ne jahili, an nuna masa, ya duba. Su manya ne, an nuna musu, suka sunkuyar da kai. Daga cikin manoman yankin akwai wani matalauci mai tsare mutuncinsa, wanda ba ya karɓar sadaka, yakan biya lauya ladansa da itacen wuta da kayan gona. Shi ne kuma aka gani cikin gungun da suka zo kurkuku da dare don su fitar da Tom su kashe tun ba a yi shari'a ba. Abin da ya komar da shi gida, 'yar lauyan ce, yarinya 'yar shekara takwas, ta gane shi cikin duhu, ta kira sunansa, ta ce ya gai da ɗansa, ajinsu ɗaya. Da aka kira shi da sunansa sai kunya ta kama shi. A cikin taro ba shi da suna.

Kada a ce marubuciyar ta yi ƙari. A 1931, a Alabama ɗin, an kama samari baƙar fata 9 bisa ƙarar mata biyu farar fata, aka yanke wa 8 hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki. Daga baya ɗaya daga cikin matan ta fito ta ce ƙarya ce, duk da haka aka sake kama wasunsu da laifi, maganar ta kai kotun ƙoli har sau biyu. A 1955 kuma, a jihar Misisifi, aka kashe wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Emmett Till aka jefa a kogi, wai ya yi wa wata farar fata rashin ladabi a kanti. Mutum 12 farar fata suka wanke waɗanda ake tuhuma cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Bayan 'yan watanni mutanen suka faɗa wa wata mujalla da bakinsu cewa su suka kashe shi, aka biya su kuɗin labari.

Littattafan nan uku duk farar fata ne suka rubuta su, kuma suna da rauni iri ɗaya. Baƙar fatar da ke cikinsu kusan waliyyi ne: Kawu Tom ya yafe wa masu dukansa, Jim ya sadaukar da gudunsa don ya yi jinyar yaron da aka harba, Tom Robinsan ba shi da aibu ko ɗaya. Sai ka ce ba za a ba mutum hakkinsa ba sai ya fi kowa hali. Wannan tausayi ne, tausayi kuwa kyauta ce, mai bayarwa yana iya janyewa ran da ya ga dama. Hakki bashi ne. Marubuta baƙar fata sun ga wannan, James Baldwin ya soki littafin Stowe a kai a 1949, sunan Kawu Tom ma ya zama zagi a bakin baƙaƙen Amurka, suna kiran mai rusuna wa farar fata da shi. Ko lauya Atikus bai tsira ba. A 2015 aka buga wani littafin Harper Lee wanda ta rubuta tun kafin wancan, a ciki aka ga Atikus ya tsufa yana halartar taron masu adawa da haɗa makarantu. Masu karatu da yawa suka ji ciwo, ko da yake ba abin mamaki ba ne a sami mutum yana ƙin a kashe baƙar fata da zalunci, yana kuma ƙin ya zauna daidai da shi.

Richard Wright, baƙar fata haifaffen Misisifi, ya ƙudura zai rubuta littafin da ba za a karanta a yi hawaye a ji daɗi ba. Shi ne Native Son, na 1940. Biga saurayi ne ɗan shekara 20 a birnin Shikago, can Arewa inda babu dokar wariya irin ta Kudu. Shi da uwarsa da ƙannensa biyu a ɗaki ɗaya suke, su da ɓeraye, suna biyan dala 8 kowane mako. Ya sami aikin tuƙi a gidan wani attajiri, Daltan. Daren farko 'yar gidan ta bugu, ya tallabe ta zuwa ɗakinta, sai ga uwarta makauniya ta shigo. Tsoron a same shi a ɗakin farar fata ya sa ya danne bakin yarinyar da matashin kai don kada ta yi magana, ta mutu. Ya ƙone gawar. Daga baya ya kashe budurwarsa Besi, baƙar fata, da gangan, don kada ta tona shi. Ba wanda zai ce Biga ba shi da laifi, marubucin ma bai ce ba. Tambayarsa ita ce wa ya gina ɗakin da aka reni wannan tsoro a ciki.

Daltan mutumin kirki ne, da shaidar kowa. Ya ba makarantun baƙar fata miliyoyin daloli, ya aika wa kulob ɗin samarin unguwarsu teburan wasa. Shi ne kuma mai kamfanin da ya mallaki ɗakin su Biga. Da lauya ya tambaye shi a wurin bincike me ya sa baƙar fata ke biyan haya fiye da farar fata a kan ɗaki mafi muni, ya ce gidaje ne suka yi ƙaranci a unguwarsu. Me ya sa ba ya ba su haya a sauran unguwanni inda gidaje suke? Ya ce tsohuwar al'ada ce, ba shi ya kafa ta ba. Bai yi ƙarya ba, kuma ga dukan alamu bai taɓa haɗa kuɗin hayar da kuɗin sadakar a lissafi ɗaya ba.

A wurin binciken nan ne aka turo gawar Besi a kan gadon asibiti, aka yaye mayafi a gaban jama'a da masu ɗaukar hoto. Ba don a bi mata kadin jininta aka kawo ta ba. An kawo ta ne shaida, don a nuna irin mutumin da ya kashe 'yar Daltan. Biga da kansa, wanda ya kashe ta, ya gane haka yana zaune. Aka yanke masa hukuncin kisa.